Huda huɗu ko taƙi guda na ɗinki

Na ga cikin mutum! Ba cikin rago ranar Layya ba, cikin ɗan Adam mai rai, yana kwance yana numfashi, hanjinsa na motsi sannu-sannu kamar tana a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ba a tsaga shi ba. A gilashin wayar wani matashin likita na gani, wajen ƙarfe uku na dare, muna zaune a benci bakin ɗakin majinyata a Maradi. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Amma bari in faro daga gona, don can abin ya soma.

Lokacin kaka ne a Ɗan Gulbi, ana ɗaurin dammunan hatsi, mata na roron wake. Kawuna, wan mahaifiyata, ya haura saba'in, amma har bana shi ke hawa rumbu da kansa yana jera dami, don a ganinsa yaran yanzu ba su iya ba. Ran Litinin da dare ya ce cikinsa na murɗa. Aka ce wake ne. Ran Talata ciki ya ɗaga, aka jiƙa kanwa. Da bai faɗa ba aka dafa filasko, wai ya wanke. Ran Laraba ciki ya zama ganga, in ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji ya amsa. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne tun Litinin bai zaga ba, ko iska ba ta fita ba. Dattijo mai surukai a gida ta yaya zai buɗe baki ya faɗi wannan? Kunya kaɗai ta ci mana kwana guda cur.

Asubahin Alhamis aka kira ni. Kafin in iso an kai shi likitar gari a amalanke, kuma Allah ya saka wa majon likitar da alheri, bai ɓata lokaci ba. Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne da abin awonsa, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya rubuta takarda, ya ce mini, "Malam, wannan ba nawa ba ne. Ku kama hanya yanzu, kada ku jira azahar." Neman mota, neman kuɗin mai, rairayi, gargada. Duk ramin da taya ta faɗa sai Kawu ya yi nishi ya kama hannuna. Sai da muka hau kwalta ya ɗan runtse ido. Bayan la'asar muka shiga Maradi.

Aka ɗauki hoton ciki, wanda nan muke ce wa radiyo. Likita ya ɗaga shi a hasken taga, ya ce in matso. Ban yi karatun likita ba, amma na gane abin da na gani: tub ɗin babur ne, an cika shi da iska, an naɗe shi biyu, ya taso daga mara har ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ce Turawa ƙwayar kofi suke kamanta shi da ita. Ya ce ƙarshen babban hanji ne, wanda ke gefen hagu, kafin dubura. Wannan yanki yana rataye ne da wani tantani, kuma ta cikin tantanin jijiyoyin jini suke bi su ciyar da shi. In hanjin ya yi tsawo ya yi nauyi, sai wata rana ya juya a kan gindinsa, kamar yadda mace ke murɗe zane in za ta matse ruwa. Hanya ta rufe gaba da baya. Iska ta taru. Jini ya daina zuwa. Filasko kuwa a irin wannan hali, in ji shi, kamar a ƙara ɗura ruwa ne a salkar da aka ɗaure wa baki.

Nan na yi wautar da ta buɗe mini ido. Akwai wata ƴar'uwarmu a Yamai da aka cire wa matsarmama, ta nuna wa mata tabon, ƴan ɗigo-ɗigo kamar sartse, kwana biyu ta koma gida. Sai na gyara murya irin ta wanda ya san duniya, na ce, "Likita, tsoho ne. Ba za a yi masa irin aikin hudar nan ba, wanda ba a yanka?"

Ya dube ni, bai yi fushi ba. Ya ce, "Da Talata kuka zo, mai yiwuwa ko wuƙa ba za ta taɓa shi a daren nan ba. Yau Alhamis. Sa hannu a nan."

Na sa hannu. Aka rubuta odanas, takardar magani, na yi ta safa da marwa tsakanin farmasi da ƙofar ɗakin fiɗa, zare, safar hannu, ruwan ƙari, allurai. An shiga da shi bayan isha'i, an fito da shi dare ya raba. Hanjin ya mutu, ya yi baƙi ƙirin. Sun yanke mataccen, sun ɗinke ɓangaren ƙasa sun bar shi a ciki, na saman kuma suka fito da bakinsa ta gefen ciki na hagu, suka manna masa jaka. Daga baya na ji sunan aikin: Hartmann, sunan wani likitan Faransa, Henri Hartmann, da ya bayyana shi a 1921. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, kuma shi ya tsamo kawuna daga bakin kabari.

Kalmar nan "da Talata kuka zo" ta hana ni barci. Dare na biyu ina zaune a benci, sai ga ƙaramin likitan da ya taya aikin, shi ke gadi a daren, ya fito shan iska da kofin shayi. Na tare shi. Ashe mutumin nan ƙaiƙayi na taɓa masa! Ya zauna, ya ciro waya, ya ce, "Seliyo kake tambaya? Zo ka gani."

Seliyo suke ce mata a bakin likitocinmu, daga Faransanci. A Nijeriya za ka ji laparoskofi. Hoton ya fara da duhu, sai haske ya ɓullo, sai ga wani ɗaki ja mai sheƙi, rufinsa a ɗage kamar tanti. Ga hanta can sama, launin ɗanyen goro. Ga kitse rawaya shimfiɗe. Ga hanji a nannaɗe yana numfashinsa. Sai wani siririn ƙarfe ya huda rufin ya shigo, bakinsa kamar na hantsaki, ya buɗe, ya rufe, ya ɗaga hanjin a hankali kamar mai ɗaga jariri. Can ƙasa ga wani zare fari, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, ya shaƙe hanjin. Sama da shi a kumbure, ƙasa da shi a yamushe. Almakashi ya shigo ta wata hudar. Ƙyas! Sau ɗaya. Zaren ya tsinke, kuma a kan idona wurin da ya yi shuɗi-shuɗi ya soma komawa ja. Wallahi sai da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi har wata mai jinya ta ɗago kai daga tabarma.

Ya yi mini bayani yana zana wa da yatsa a kan cikinsa. Huda uku ko huɗu, ƙaramar milimita 5, babbar ba ta wuce 12 ba. Ta wajen cibiya ake tura kyamara mai fitila. Kafin nan sai an hura ciki da iskar kabon, ita ce ke ɗage fatar ciki ta samar da fili, in ba haka ba kyamara ba abin da za ta gani sai nama manne da gilashi. Likita ba ya duban mara lafiya, allo yake duba, hannayensa na nan, idonsa na can.

Na ce to wa ya ƙago wannan? Ya ce abin dariya, wanda ya fara cire afendis ta huda ba ma likitan hanji ba ne, likitan mata ne, Kurt Semm, a birnin Kiel na Jamus, a 1980, kuma likitocin fiɗa ca suka yi masa, suna ganin ya shiga gonar da ba tasa ba. A 1985 Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya, shi ma a Jamus, a 1987 Philippe Mouret ya yi a Lyon, daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. Yankan babban hanji ta huda sai a 1991 aka fara ba da labarinsa. A Yamai ma an daɗe ana cire wa masu sikila matsarmama ta haka.

Abin da ya fi kama ni shi ne da ya ce tsoho ya fi yaro bukatar wannan aikin. Na ce yaya? Ya ce in je in dubi Kawu in zai yi tari. Na riga na gani. Tari ya taso masa, sai ya dafe ciki da hannu biyu, ya haɗiye shi, ido ya kawo ruwa. Mutumin da aka tsaga daga saman cibiya zuwa mara ba ya son tari, ba ya son dogon numfashi. Majina ta kwanta a huhu, huhu ya kamu. Ba ya son tashi, ga tsoho kuwa kwanciyar mako guda tana zaizaye naman cinya, wanda ya zo da ƙafarsa ya koma da sanda. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Wasu tsofaffin hankalinsu kan gushe na ƴan kwanaki, su yi ta kiran waɗanda suka rasu. Dogon rauni yana ruwa, wani lokaci ɗinkin ya ɓalle, wani lokaci bayan shekara wurin ya bullutso kamar gwaiwa. Huda huɗu tana rage yawancin waɗannan. Ciwo kaɗan, tashi da wuri, tari ba fargaba.

Na ce, "To, Likita, ai ka kashe bakinka. Don me ba a yi wa Kawu ba? Na'ura ce babu?"

Ya ajiye kofin. Ya ce ko a Lyon aka sauke Kawu a daren Alhamis, da na'ura goma a ɗakin, tsaga shi za a yi. Na farko, fili: hanjin da ya kumbura ya cika ciki taf, ina kyamara za ta juya? Na biyu, hanjin da ya kwana uku a kumbure ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, bakin ƙarfe ya taɓa shi ya fashe, ƙazanta ta malale a ciki. Na uku, ita iskar da ake hurawa ba kyauta ba ce: tana danne tantanin da ke ƙarƙashin huhu, tana matse babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, ga shi sau da yawa ana karkata gadon kai ya yi ƙasa. Saurayi zai ɗauka. Tsohon da ya kwana uku yana amai, jininsa ya sauka, ƙodarsa ta soma gajiya, zuciyarsa ba za ta yafe ba. Shi wannan abin da yake bukata a shiga da sauri, a cire mataccen, a fito.

Da Talata fa? Ya ce ranar hanjin na da rai. Akwai wani bututu mai laushi mai kyamara a baki, ta dubura ake tura shi, a lallaba har wurin murɗin, a warware. Iska ta fito fuuu, ciki ya sace nan take kamar an zare wa taya bawul. Ba a tsaya nan ba, don murɗin yana yawan dawowa. Sai a bar tsoho ya huta kwana kaɗan, ya sha ruwa, jini ya daidaita, hanji ya koma girmansa, sannan a yanke tsawon da ya yi yawa a haɗa baki da baki, ba jaka. Wannan aikin na biyu shi ne ake iya yi ta huda inda akwai kayan da gwanin.

Sai na yi shiru. Ashe tsawon yankan da ke cikin kawuna ba a ɗakin fiɗa aka auna shi ba. A zaurensa aka auna, ran Talata da Laraba, da kofin kanwa da tukunyar filasko da kunyar surukai, sauran kuma rairayin hanya ya ƙarasa.

Tun daga daren nan na zama kamar wanda aka yi wa asiri, duk kuɗin intanet ɗina a kan wannan ya ƙare. Kuma na tarar su kansu masu na'urar ba su gama gardama ba. In aka duba rajistar asibitoci, tsofaffin da aka yi wa aikin gaggawa ta huda sun fi waɗanda aka tsaga rayuwa. Mai gaggawa sai ya ce shi ke nan, huda ta ci. Amma wa ake zaɓa a yi wa hudar? Wanda ya zo da wuri, mai sauran ƙarfi, mai ciwo da sauƙi. Wanda ya zo rai a hannun Allah tsaga shi ake yi. Ka ware ƙosassun raguna ka ba su dusa ta musamman, sannan ka ce dusar ce ta sa suka fi ramammu nauyi? Gwajin gaskiya shi ne a jefa ƙuri'a tsakanin majinyata masu kama da juna. An yi irin wannan a Finlan da Italiya, sunansa LASSO, aka buga sakamakon a 2019: mutum ɗari da zaren tabo ya shaƙe musu ƙaramin hanji, irin wanda na gani a waya. Waɗanda aka yi wa huda sun riga sauran komawa gida da kwana ɗaya da ƴan awoyi. Riba ce, amma ba mu'ujiza ba, kuma su ma an tsince su ne, waɗanda hoto ya nuna alamar zare guda ne tak. A Holan kuma an gwada wanke cikin da babban hanji ya fashe ta huda ba tare da yanke wurin ba, dole aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin, don waɗanda aka wanke sun fi komawa ɗakin fiɗa. Kuma ko a hannun gwani, aikin da aka fara da huda yakan ƙare da tsagawa in an leƙa an ga abin ya fi ƙarfin hantsaki. Likitan ya ce wannan ba faɗuwa ba ce, hankali ne.

Ingila ce ta fi ba ni mamaki. Tun ƙarshen 2013 suke rubuta duk babban aikin ciki na gaggawa da aka yi a ƙasar cikin rajista guda, NELA, kuma fiye da rabin majinyatan sun haura shekara 65. Da suka fara, kusan 12 cikin 100 ke mutuwa a wata na farko. Cikin ƴan shekaru abin ya sauko wajen 9. Da me? Yawanci da agogo da ido: hoto da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, babban likitan fiɗa da babban mai sa barci su tsaya da kansu ko da tsakar dare ne, a kwantar da mai haɗari a ɗakin kulawa ta musamman, likitan tsofaffi ya leƙo. Mu kuma a nahiyarmu, binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2018, na majinyata 11,422 a ƙasashe 25, ya nuna mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan fiɗa ya ninka sau biyu, kuma yawanci ba a kan gadon aiki ba, a ɗakin jinya ne, kwanakin da ke biyo baya, inda ma'aikaciya ɗaya ke gadin gadaje rututu.

Wani kwamitin masana na wannan mujalla ya ajiye ma'auni a 2015: mafi yawan jama'a su kasance cikin tafiyar awa biyu zuwa asibitin da ke iya abu uku, tsaga ciki, ciro jariri, da gyaran karayar da ƙashi ya fito. Awa biyu! Na tuna amalanke. Shi ya sa nake ganin dabarar da Nijar ta ɗauka tun tsakiyar shekarun 2000, ta horar da likitocin gama-gari su iya tsaga ciki a asibitocin gundumomi, ta fi kusa da ciwon mutumin Ɗan Gulbi fiye da kowane allo mai sheƙi. A ƙasar da rabin jama'a ba su wuce shekara 15 ba, ido yana kan yara da masu ciki, kuma da gaskiya. Tun 2006 aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da na fiɗar haihuwa. Tsoho kuwa garkensa ne inshorarsa. Mu raguna biyu da ɗan maraƙi suka tafi.

Kada a ce na juya wa huda baya. Ina! Ni da na ga zaren nan ya tsinke? Dare na huɗu likitan ya ja ni ɗakin da suke hutawa, ya ciro wani kwalin taliya daga ƙarƙashin gado. Ya huda shi wuri uku. Ya ɗora waya a hudar tsakiya, kyamara na kallon ciki, ya kunna tocila, ya zura dogayen hantsaki biyu da aka daina aiki da su. A cikin kwalin akwai murfin kwalba biyu da ƙwayoyin wake. Aikin shi ne ka kwashe wake daga wannan murfi zuwa wancan, kana duban waya kaɗai. Ya ce in gwada. Jama'a! Ka tura hannu dama, bakin ƙarfe ya yi hagu. Ka ga wake ga shi, ka cafka, ashe saura taƙi. Zurfi ya ɓace gaba ɗaya. Minti goma ina gumi, ƙwaya ɗaya na ɗauka, ita ma ta suɓuce ta gangara lungu. Shi kuwa ya karɓa, tsaf-tsaf-tsaf, ashirin, sannan ya ɗaura zare ya ƙulla a jikin soso. Kullum dare yake yi, in ji shi, yana jiran ranar da zai samu gurbin ƙaro karatu. Ya ce akwai ma masu gwada yi ba da iskar kabon ba, wani ƙarfe ne ke ɗage fatar ciki daga waje. Likitocin jami'ar Leeds da na ƙauyukan arewa maso gabashin Indiya sun yi aiki a kai, saboda wuraren da tukunyar gas ke wuyar samu irin namu.

Kawu dai ya tashi. Ran kwana uku jakar ta kumbura da iska, ma'aikaciyar jinya ta tafa ta ce hanji ya farka, kuma ban taɓa zaton zan yi wa Allah godiya a kan tusa ba. Aka tilasta masa zama, sannan taku biyar, sannan zuwa bakin ƙofa, yana rungume da matashi a ciki yana tari yana harararmu. Raunin ya ɗan yi ruwa a ƙasa, aka warware zare biyu ana wankewa. Abin da ya fi ci masa rai ba ciwo ba ne, tsarki ne. Ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, mutum da wagga jikka a jiki, sallarsa fa?" Da muka koma gida liman ya zo gaisuwa, ya kwantar masa da hankali, ya ce hukuncinsa na mai lalura ne wanda abu ke fita ba da ikonsa ba, ya tsabtace, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Duk da haka sai da ya yi wata guda yana tsayawa ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Jakunkunan kuma daga Maradi nake aiko su, don ba a samu a kasuwar ƙauye.

An ce mu dawo bayan wata shida a duba ko za a mayar da hanjin a haɗe. Na gaya masa wai irin wannan aikin na biyu, a inda ke da kayan, wani lokaci ana yinsa ta huda. Na nuna masa hoton da likitan ya tura mini. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba. Sai ya ɗaga riga, ya ɗora babban yatsa a saman tabon, ya miƙa na tsakiya, bai kai ba, ya ƙara yatsa uku.

Ya ce, "Taƙi guda da ukku. Mayar da shi baya, in ga wurin da almakashin nan ya shigo."